Takun Keken Ɗinki

Tela ya sunkuya yana ɗaura agogon a idon sawunsa na dama ke nan, sai mai aski ya leƙo ta ƙofar shagon.

"Maƙwabci, yau kuma ina za ku, kai da keken? In kun isa ka gaishe su."

"Je ka ka ci gaba da ɓata wa mutane kai, ka rabu da ni."

Agogon na Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa. Ta kawo masa shi ne bayan likita ya ce jininsa ya hau, suga ma ya fara leƙowa, kuma ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba, sai ya riƙa takawa kullum. Agogon yakan ƙirga takun mutum ya aika wayarta. Da farko, kowace yamma sai ta kira da faɗa. "Baba, wannan ai ko kaza ta fi ka tafiya!" Shi kuwa sai ya jingina da bango ya lumshe ido, don in Auta na faɗa, muryar marigayiya uwarta ce sak. In faɗan ya ƙare kuma sai hira, har wayar ta yi zafi a kunnensa.

Wata rana zare ya dame shi da maƙalewa a igiyar agogon, ya cire ya ɗaura a ƙafa. Da yamma sai ga lamba ta yi sama. Ashe duk takawar da ya yi wa fedar keken ɗinki, agogon ya ɗauka tafiya ce. Ya yi dariya, ya kira mai aski ya nuna masa, suka tafa. Tun daga ranar babu sauran faɗa. Kiran ma ya ja baya, ya koma hoton babban yatsa da take turo masa kafin ta shiga aiki.

A layin nan babu wanda ya ga laifinsa. Nan fa tafiyar ƙasa alamar karayar arziki ce. Mutum yana hango kanti da idonsa, amma sai ya tsayar da babur. Da ɓarin jikin mai gyaran rediyon layin ya shanye, sun je dubiya, sun ce haka Allah ya so, sun dawo sun zauna a kan bencin da ya tashi daga kai, har suna gyara zama don wuri ya ƙaru.

Tela yana cikin kafa hannun wata riga wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne. Ya tsayar da keken da tafin hannu.

"Baba, ina kwana? Wallahi ka burge ni, har nuna wa marasa lafiyata nake ina cewa ku ga babana. Hutun nan da na ce zan ɗauka in zo mu koma wurin likita, na bar wa wata abokiyar aikina, ɗanta ba lafiya. Tunda ga shi kai ka miƙe, hankalina a kwance yake. Sai wani jiƙon. Ka ci gaba!"

Ya sake saurare. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke bayan ƙofa, inda doguwar riga shuɗiya ke rataye. Ya ɗinka mata ita da awon da ke kansa, ya bar ƙasan bai kalmashe ba, sai ta zo ta tsaya a gabansa ya ga inda za ta tsaya mata.

Ya kwance agogon, ya ajiye kusa da almakashi, ya zura takalmi.

"Ina zuwa?" in ji mai aski, da reza a hannu.

"Tafiya."

"Ba ka manta da keken ba kuwa?"

Bai kai bakin titi ba wani mai babur ya ci birki a gefensa. "Baba, hau in kai ka. Ai abin kunya ne a gare mu a gan ka a ƙasa."

"Na gode, ɗana. Je ka."

Gaba kaɗan, wani da yake yi wa ɗinki ya sauke gilashin mota, fuska duk damuwa. "Malam Tela, lafiya? Wani abu ne ya faru a gida?"

"Lafiya lau. Ƙafata nake gwadawa."

Ya wuce kantin magani, ya wuce masu walda, ya haye gadar da ke kan magudanar ruwa. A nan numfashi ya fara yi masa wuya, gwiwoyi suka fara ƙorafi, gumi ya jiƙe masa baya. Bai zaɓi hanya ba, ƙafa ce ta zaɓa. Rabonsa da bin titin nan tun rasuwar uwar yara. Ta nan suke raka Auta makaranta kowace safiya, ita a tsakiya, ta kama yatsansa ta kama na uwarta, tana ɗage ƙafafu don su yi lilo da ita. A lokacin babu mai ƙirga komai, kuma babu wanda jininsa ya hau.

An sake wa makarantar fenti, amma dakalin bakin ƙofa na nan. Ya zauna yana haki. Ta cikin taga yara na rera karatu.

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Wannan karon kira ne.

"Baba! Lafiya? Tun hantsi lambar ta tsaya cak. Faɗuwa ka yi? Me ya sa kake haki haka?"

"Tafiya na yi."

"Tafiya kuma? To ina agogon?"

"Yana shago, wurin mai shi."

"Wane ne mai shi?"

"Keken. Ai shi ke ta yin tafiyar nan da kike nuna wa mutane."

Yana jin ƙarar gadon marasa lafiya da ake turawa a bayanta.

"Baba." Ga muryar nan ta dawo, har da 'yar karkarwar da uwarta ke yi in ranta ya ɓaci. "Baba, ni za ka yi wa haka? Ka san abin da nake gani a ɗakin nan kullum? Mutane da ba su kai ka shekaru ba, ana ba su abinci a baki!"

"Ci gaba," ya ce, ya lumshe ido. "Ina jin ki."

"Au, daɗi ma kake ji?" Ta ja hanci. "Yanzu kana ina?"

"Ƙofar makarantarku."

Muryarta ta yi ƙasa. "Dakalin yana nan?"

"A kansa nake."

"Hutun nan na riga na bayar, ba zan iya karɓewa ba. Sai na ga yadda za a yi." Ta numfasa. "Amma yanzu lokacin cin abincina ne. Tashi. Kada ka kashe wayar. Ni zan zaga harabar asibiti, kai ka kama hanyar shago. A hankali fa."

Ya dafa gwiwa ya miƙe. Suka fara tafiya, tana tambayarsa ko mai aski ya koyi aski har yanzu, yana ba ta labarin rigar da ke jiran kalmasa. Daf da gada, mai babur ɗin ɗazu ya sake tsayawa.

"Haba Baba, ka gaji fa. Hau mana."

Tela ya ɗaga masa hannu, waya manne a kunne.

"Je ka, ɗana. Ina da 'yar rakiya."