Dagin Ƙofa Ta Uku

Kwana arba'in da rasuwar Baba, kamfanin sharar da nake wa aiki ya tura ni tsohon gidan wasan kwaikwayon da ake gyarawa. Ban yi kuka ranar jana'iza ba, ban yi bayanta ba. Ci nake, barci nake, kamar wadda aka yi wa allurar kashe zafi.

Na san ginin tun ban taɓa shigarsa ba. Babana Musbahu aikin hajji ya zo ya zauna bai koma gida ba, ya shiga cikin masu adon jibs, farar hodar nan da ake kwaɓawa a ƙawata gini. Shekara biyu yana kwance a kan katako yana fitar da furanni da taurari a rufin zauren nan. Labarin tagogin katako masu huda-huda, da jajayen kujeru, da fitilar da sai da mutum takwas suka ɗaga, mun sha shi har mun haddace. Amma abin alfaharinsa shi ne dagin da ya yi a saman ƙofa ta uku. Haka maigidansa na Zariya ya koya masa: magini ba ya barin gini bai sa dagi ba, ko ba a ce ya sa ba.

Ina cikin shara injiniya Nawaf mai kula da gyaran ya tsaya a ƙarƙashin dagin, tsohon zanen ginin a hannu. Mutumin kirki ne, sai dai abin da babu a takarda, a wurinsa bai taɓa faruwa ba.

"Wannan babu shi a zane," ya ce wa ma'aikata. "Faci ne. A kankare."

"Ya muhandis, babana ne ya yi shi, tun farkon ginin," na ce.

Tsakani da Allah, sau biyu ya bi jerin sunayen maginan. To ina za a ga sunan wanda bai da iƙama, takardar izinin zama?

"Ma'alesh, ya ukhti," ya ce, wai in yi haƙuri. "Halas, magana ta ƙare."

Kafin azahar an gama. Kwashewa kuma aikina ne. Ban ji komai ba, na dai lura ƙurar tana da nauyi. A cikinta na tsinci wani guntu mai shatin babban yatsa, da layin tabo a tsakiya, na jefa a aljihu.

A gida na miƙa wa Umma. Ta ɗora yatsanta a kan shatin.

"Tabon nan ni na ɗaure masa shi da bakin mayafina," ta ce. "Ina sauran, Mastura?"

"Na kwashe, Umma. Ni na zubar."