Kalmomi Uku na Saturnina

Ranar da dogaran taba suka shiga gidan Saturnina a garin Vigan, ba su sha wahalar bincike ba. Ƙatuwar naɗaɗɗiyar tabar gidan, mai tsawon kamu guda, tana nan rataye da igiya a tsakiyar ɗaki, yadda matan garin suka saba. A zamanin nan ganyen taba duk na gwamnatin Sifen ne, ko da guminka ne ya shuka shi. Suka tsinke igiyar, suka tasa mijinta Doroteo gaba, don a wurinsu laifin gida na maigida ne.

Doroteo kuwa, bawan Allah, ko hayaƙin murhu ba ya iya shaƙa. Shekara biyu ke nan tari yana cinsa. Saturnina ta san in ya shiga kurkukun nan mai danshi, gawarsa za a miƙo mata.

Ta nufi wajen Tata Melecio, tsohon da ke kaɗa ƙararrawar coci, wanda ya tsinci Sifaniyanci a bakin limamai.

"Tata, koya mini yadda ake ce wa alƙali kada ya ɗaure shi."

"Ke 'yar nan, ba ga tafinta ba?"

"Wa, shi? Wanda in ka ba shi magana da nama sai ya miƙa romo? Da bakina zan faɗa."

Tsohon ya sosa ƙeya, ya ce, "No lo encarcele. Shi ke nan. Amma ki sani, irinmu ba sa yi wa alƙali magana kai tsaye."

"Yau za su fara."

Kwana uku tana nanata kalmomin. Da su take sussukar shinkafa, da su take wanki, har ɓaunar da ke yi musu noma ta gaji da ji. Tsoro kam tana ji, amma ba ta fasa ba.

Ranar shari'a tabar tana kan teburin alƙali, Doroteo yana tsaye da igiya a hannu. Tafinta bai gama gyaran murya ba ta miƙe.

"No lo encarcele."

Alƙalin ya ɗago kai, ya dube ta kamar kujera ce ta yi magana. Ya furta wani abu, tafinta ya ce, "Wai in tabar ba tasa ba ce, ta wa ce?"

Sifaniyancinta ya ƙare a nan. Sai ta tako, ta ɗauki tabar, ta kunna a kyandir ɗin da magatakarda ke narka kakin hatimi. Ta juya ta, ta tura gefen wutar cikin baki, yadda mata ke yi a rafi don kada ruwan wanki ya kashe ta. Ta zuƙa, ta feso hayaƙi ta hanci. Nan take tari ya turnuƙe Doroteo har ya durƙusa.

Alƙali bai nemi wata shaida ba. Aka kwance igiyar daga hannun miji, aka ɗaura a nata, aka yanke mata ɗaurin wata uku.

"Tsohuwa, me kika yi?" in ji Doroteo, idonsa cike da hawaye.

"Tsoho, rufe mini baki ka tafi gida," ta ce. "Maganin tarinka yana bayan tulu. Safe da yamma, kada in fito in tarar ka yi wasa da shi."