Ƙwallo Ɗaya Tsakanin Mutum Biyu

Ranar Asabar, bayan mun tashi daga wasa, na je allon sanarwa na kulob ɗinmu na golf don in rubuta sunana da na matata a gasar bibbiyu, sai na tarar an riga ni. Ga rubutun hannunta nan ɓaro-ɓaro, Noeleen Kowald, a gefensa kuma Lindsay Trezise. Ni Merv Kowald, mijinta na shekara talatin da takwas, babu ni a takardar. Na karanta sau uku, na cire tabarau na goge, na sake karantawa.

Gasar bibbiyu sau ɗaya ake yin ta a shekara, a tsakiyar sanyi. Namiji da mace ne, ƙwallo ɗaya tak a tsakaninsu, ya buga ta buga, har ta faɗa rami. Shekara goma sha tara muna shiga tare ni da Noeleen. Ba mu taɓa ɗaukar kofin ba, amma sau uku muna zuwa na biyu, kuma a garin da bai kai mutum ɗari huɗu ba wannan ya isa a riƙa tunawa da kai.

Raelene, sakatariyar kulob, tana bayan kanta tana zuba wa mutane giya. Ta ga inda nake tsaye, ta ce, "Merv, sallamar ka aka yi daga aiki, ko hutu aka ba ka?" Duk ɗakin ya kwashe da dariya. Na yi yaƙe, na ce kuskure ne. Ta ce to, sai sha biyun ranar Juma'a take rufe takardar, kafin nan kowa na iya sauya abokin wasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ta zaɓa. Lindsay tsohon direban motar 'yan makaranta ne, shekararsa saba'in da huɗu, matarsa ta rasu. Idan ya ɗaga sanda sai ka ce shara zai yi. Ƙwallonsa ba ta zuwa ko'ina, sai dai ba ta taɓa barin hanya.

A cikin a-kori-kura, muna komawa gona, na tambaye ta. Tana kallon alkama ta taga ta ce, "Ba faɗa nake yi da kai ba. Ƙwallonka ce ba zan ƙara bugawa ba."

Ban tambaye ta dalili ba, don na ɗauka na sani. Bara, a rami na sha bakwai, ta yi bugu mai kyau, ƙwallon ta sauka a kan yashin da ke kewaye da ramin ta ƙi tsayawa, ta gangara cikin ƙaya, kofin ya kuɓuce mana. Ni na zaɓo ƙwallon nan. A kulob ɗinmu babu inda aka rubuta, amma kowa ya san namiji ne ke sa hannu a aljihu ya fito da ƙwallon da za a buga. Ni kuwa tun da na fara golf ban taɓa yarda da wata ƙwallo ba sai mai taurin nan da ƙwararru ke bugawa a talabijin. Kamfani kawai nake sauyawa, kusan duk wata. In na buga cikin daji laifin ƙwallo ne, in na zarce rami laifin ƙwallo ne. Sai na ce a raina ai wannan mai sauƙi ne: in samo wadda ta dace kafin Juma'a, Noeleen ta goge sunan Lindsay.

Ranar Lahadi na juye bokiti biyu na tsofaffin ƙwallaye a makiyayar tumaki da ke bayan gida. Na ware su kashi-kashi, na kafa gwangwanaye a nesa, na hau bugu. Wadda ta yi nisa ba ta tsayawa, wadda ta tsaya ba ta nisa. Hankaka ya sauko ya ɗauke guda biyu daga cikin waɗanda na fi sa wa rai, na bi shi da zagi har tumaki suka watse. Noeleen ta fito shanya kaya, ta dube ni, ta koma ciki.

Litinin na yi niyyar gyara shingen yamma. Na ɗaure waya uku, na bar kayan aiki a wurin, na koma makiyaya. Na kasa zaune na kasa tsaye. In na zuba shayi sai ya huce ban sha ba. Talata da sassafe na kama hanyar birnin Perth, tafiyar awa uku, na shiga wani babban shagon kayan golf inda suke da na'urar auna bugu. Mai shagon ya sa na buga ƙwallo ashirin cikin raga, ya dubi allonsa, ya ce cikin ladabi ƙarfin buguna ya ragu, ƙwallon ƙwararru ta fi ƙarfina, ba na iya matse ta yadda za ta tashi. Ya ce in koma mai matsakaicin tauri. Na ce masa shekara arba'in ina ɗaga buhu, bai san da wa yake magana ba. Duk da haka na sayi kala uku na fito. Awa ɗaya na yi a shagon nan, kuma ko sau ɗaya ban ambaci cewa mutum biyu ne za su buga ƙwallon ba.

Laraba na tarar da Lindsay a filin wasa. Makonsa ne na gyaran yashi. Mu nan ba mu da ruwan da za mu shuka ciyawa kewaye da rami, yashi ne ake jiƙawa da mai, a ja shi da ƙarfe ya kwanta. Yana ja a hankali, kamar yadda yake yin komai, ni kuwa na tsaya a kansa ina huci. Na ce ashe haka ake yi, mutum ya ɗauke abokiyar wasan wani ko sallama babu.

Bai daina jan yashi ba. Ya ce ita ta same shi, shi kuma abu ɗaya kawai ya tambaye ta, wace ƙwallo take so su buga.

Na ce, "Ta ce maka me?"

Ya ce, "Kai Merv, gidanku ɗaya fa. Je ka tambaye ta mana."

Ya laluba aljihu ya jefo mini tasa ƙwallon. Mai laushi ce, irin ta araha da ake zubawa a kwando a bakin kanta. Na matsa ta da farce na ce ai wannan ta tsofaffi ce. Ya jingina da ƙarfen ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "To mu yara ne?" Na juya na tafi ba tare da na mayar masa da ita ba.

Alhamis gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Saura kwana ɗaya. Na roƙi Noeleen ta zo makiyaya ta gwada sababbin da na sayo, ko minti goma ne. Ta ajiye kofinta, ta sa rigar sanyi, ta ɗauko sanda ɗaya ta biyo ni.

A gasar bibbiyu, idan abokiyar wasanka za ta buga, kai kana can gaba kana jiran inda ƙwallo za ta sauka, don bugu na gaba naka ne. Haka nake yi kullum. Ranar dai, saboda ina miƙa mata ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya, sai na tsaya dab da ita, muna fuskantar juna. Na ajiye mata mai taurin, wadda na fi so. Ta buga. Ban ga inda ta sauka ba, don fuskar Noeleen nake kallo. Ta runtse ido, ta cije leɓe, sandar ta suɓuce ta faɗi, ta cusa hannun dama a hammata ta duƙa.

Na ce me ya faru. Ta ce babu abin da ya faru, haka yake kullum. Ta cire safar hannu da haƙori ta nuna mini. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura, biyu sun karkace. Na san tana fama da amosanin gaɓɓai, ni ne ma nake buɗe mata murfin kwalba shekara uku ke nan. Amma ban taɓa haɗa wannan da golf ba, ko sau ɗaya. Ta ce duk lokacin da ta bugi ƙwallon nan cikin sanyi, zafin har gwiwar hannu yake kaiwa. Ta ce bara daga rami na sha biyu ba ta jin yatsunta. Ta ce sau biyu ta faɗa mini.

Na ce yaushe.

"Ka ce in sassauta riƙo. Karo na biyu ka ce in sayi safa mai kauri."

Na tuna. Na sa hannu a aljihu na fito da ta Lindsay na ajiye a ƙasa. Ta ɗauki sandar ta buga. Ƙarar ma daban ce, a hankali, ƙwallon ta tashi sosai ta wuce gwangwanin farko. Noeleen ta buɗe hannunta ta rufe.

Nan take na hau rawar jiki. Na ce shi ke nan an gama, ita za mu buga, yanzu zan kira Raelene, zan sayo kwali guda, zan ma zubar da sauran a dam ɗin gona. Ta bar ni na gama zuba.

Ta ce, "Merv, tsaya wuri ɗaya ka ji. Na ga likita wancan watan. Ya ce in daina tun yanzu, ni na roƙe shi ya bar mini wannan sanyin. Gasar ranar Asabar ce ta ƙarshe, kuma so nake in gama rami goma sha takwas da hannuna."

Na ce to ai shi ya sa ya kamata mu yi ta tare.

Ta girgiza kai. "Za ka buga mai laushin nan a rami na ɗaya, ta gaza inda ka saba da mita ashirin. Ba za ka ce komai ba, za ka ɗauke ta ka juya ta, ka ja numfashi. A rami na uku ni da bakina zan ce ka fito da taka. Na san ka, na kuma san kaina. Lindsay ba ya jan numfashi."

Gaskiya ta faɗa. Ta mayar da safarta, ta ce shayi na hucewa, ta koma gida. Na tsaya a makiyaya da kwalaye uku na sababbin ƙwallaye, kunya da baƙin ciki sun cika ni.

Juma'a na yi ta zirga-zirga. Na je shinge na dawo, na wanke motar da ba ta yi datti ba. Sha ɗaya da rabi na tsinci kaina a kulob, gaban allon. Raelene ta miƙo mini biro, wannan karon ba ta yi tsokana ba. Na san da na koma gida na matsa, na roƙa, Noeleen za ta haƙura ta yarda, don haka ta saba yi. Na riƙe biron har agogon bango ya buga sha biyu, sannan na mayar mata. Ta tambaya ko ta haɗa ni da wata, akwai mata biyu da ba su da abokin wasa. Na ce a'a, ta sa ni a gashin nama.

Ranar Asabar ina bakin murhu a bayan kulob, ina juya nama da albasa, ina ƙona rabi. Bini-bini sai in leƙa fili. Da na hango su sun taso rami na ƙarshe na bar wa wani murhun, na je na tsaya a gindin bishiya inda ba za ta gan ni ba. Lindsay ya kawo ƙwallon bakin yashi. Ya ja mata hanya da ƙarfe daga ƙwallo zuwa rami, ya koma gefe ya yi shiru. Noeleen ta duƙa ta duba, ta gyara tsayuwa, ta tura. Ban taɓa lura ba ashe tana ɗan lanƙwasa harshe a gefen baki in za ta buga. Ƙwallon ta tsaya taku ɗaya kafin rami, Lindsay ya ƙarasa. Ta yi dariya, ta rungume shi, ta ɗaga hannu ga matan da ke tafa mata. Na shida suka zo, cikin goma sha ɗaya.

A hanyar gida ta yi ta ba ni labari, rami bayan rami, fuskarta a sake. Ta ce sai a na sha shida hannun ya fara damun ta, shi ma kaɗan. Na yi ta cewa madalla. Na ji daɗi ƙwarai, kuma raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba, don sau goma sha tara aka ba ni wannan wasan ina can gaba ina kallon sama.

Da muka isa na sauko da jakar sandunanta, na nufi bayan ƙofar kicin inda take ajiye ta. Ta tsayar da ni.

Ta ce, "Ba nan ba. Kai ta rumfar tarakta, ka rataye ta can sama inda ɓera ba zai kai ba."

Na ɗauko tsani na kai ta.