Wa Ya Kai Murtala Ƙara?

Shekara goma sha ɗaya Murtala ya yi yana shugaban ma'aikata a wani injin casar shinkafa da ke bakin hanyar Jega zuwa Maiyama, kuma a tsawon lokacin nan ba wanda ya kama aiki bai laƙaba masa suna ba. Yusufu mai ɗingishi ya zama Taka-ɗaya. Altine, Bafulatanin da ya bar kiwo ya zo daga wajen Katanga yana ɗaukar buhu, ya zama Ɗan Daji. Shi kuwa Ya'ƙub, abokinsa tun suna samari, wanda ƙarar inji ta cinye wa kunnen hagu, Kurma kowa ke ce masa. Murtala bai taɓa ɗaukar abin da nauyi ba. A ganinsa da raha ake rage gajiya, kuma ai su ma suna dariya.

Wata Litinin da hantsi, Hajiya Rahma, manajar da ta karɓi wurin wata biyu da suka wuce, ta sa aka kashe inji, ta tara su a rumfar da ake jibge buhuna.

Ta ce, "Daga yau kowa a kira shi da sunan da iyayenshi sunka raɗa mai, ko wanda shi da kanshi ya yarda da shi. Akwai wanda ya same ni ya ce abin yana ci mai rai. Ba ni faɗin ko wane ne, kada ma a tambaye ni."

Ba ta ambaci Murtala ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Rashin kallon nan shi ya fi tsaya masa a rai, don ya san da shi ake. Wani daga cikin mutanen nan da yake cin tuwo da su ya zagaya ta bayansa ya kai shi ƙara.

Daga ranar ya sa wa kowa ido. In mutum biyu suka tsaya suna magana ya iso suka yi shiru, sai ya ce a ransa zancensa ake. Da farko Yusufu ya zarga, don ya ga ya sunkuyar da kai a wajen taron. Amma Yusufu mutum ne mai tsoro, ko gaida Hajiya sai da rawar murya. Can ya tuna ran Alhamis ɗin da ta wuce ya ga Altine ya fito daga ofis yana gyara hula, ya wuce shi ba sallama. Nan zuciyarsa ta tsaya a kan Altine.

Ya sami Ya'ƙub a gindin inji yana sa wa ƙarfe mai, ya matsa ta kunnen dama ya ce, "Kai kana ganin wa ya yi min wanga aiki?"

Ya'ƙub ya ce, "Na'am?"

Ya maimaita da ƙarfi. Ya'ƙub ya nuna kunnensa, ya nuna inji, ya ci gaba da abin da yake yi.

Washegari Murtala ya cire Altine daga lodi ya mai da shi wajen tukwanen turara shinkafa, inda wuta ke ci tun safe, aikin da aka saba yi karɓa-karɓa. Kwana huɗu bai canza shi ba. Altine bai ce uffan ba, sai dai idanunsa sun yi ja don hayaƙi. Shirun nan ma Murtala ya ɗauke shi shaida: da ba shi da laifi ai da ya yi magana.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su biyu da Ya'ƙub suka zauna a kan benci a bayan ma'aikatar suna shan fura, inji a kashe. Murtala ya ce, "Bafulatanin nan ne, na tabbata. Ka bar ni da shi, da ƙafarshi zai bar wurin ga."

Ya'ƙub ya ajiye ludayi. Ya ce, "Ka rabu da Altine. Izini ya shiga nema, zai kai mahaifiyarshi asibiti. Ni na je wajen Hajiya."

Murtala ya yi dariya, ya ɗauka rufa wa Altine asiri yake son yi. Da ya ga fuskar abokinsa ba wasa, sai dariyar ta tsaya.

"Kai? Hajiya ta sa ka, ko?"

"Ba wanda ya sa ni. Ka tuna ranar da ɗiyata Raihana ta biyo nan daga jami'a a Aliero, ita da ƙawayenta biyu? Ta tsaya bakin ƙofa tana tambayar Malam Ya'ƙub. Mutum biyar ta tambaya, duk sunka ce babu mai wanga suna a nan. Har ta juya za ta tafi, ka fito."

Murtala ya tuna. Ya fito yana kakkaɓe ƙaiƙayi daga riga, ya gane yarinyar, ya ɗaga murya yana dariya ya ce, "Ku, ai Kurma take nema!" Sa'an nan ya ɗauki guntun ɓawon rake ya jefi bayan Ya'ƙub don ya waiwayo. Kowa ya yi dariya, har da Ya'ƙub.

"Amma ai ka yi dariya."

"To mi zan yi gaban ɗiyata? Kuka? Da munka koma gida ko abinci ba ta ci ba. Ta ce, 'Baba, haka suke kiranka kullum?'"

"Shekara talatin muna tare, ba ka iya faɗa min, sai wata Hajiya?"

"Na faɗa maka sau biyu, Murtala. Ka ce na cika ƙorafi, ka ƙara min da Sarkin Kurame."

Murtala haushi yake ji, kunya ma yake ji, ya kasa tantance wanne ya fi. Ya miƙe ya bar furar, ya hau babur ya tafi gida ba tare da ya ce sai gobe ba.

Da safe ya riga kowa zuwa. Da Altine ya iso ya nufi wajen tukwane, Murtala ya tare shi.

"Malam Altine, koma lodi. Yau ni zan tsaya wajen wuta. Ya jikin inna?"

Altine ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce jiki da sauƙi, ya juya a hankali, yana tafiya yana waiwaye. Murtala na ji ya tsaya kusa da Yusufu yana tambaya ƙasa-ƙasa, "Wanga mutum mi yake shiryawa kuma?" Yusufu ya ce shi ma bai sani ba, amma dai a yi hattara.

Ya'ƙub ya iso daga baya, suka gaisa a taƙaice kamar baƙi. Sai da aka yi kusan wata guda kafin suka sake zama a benci ɗaya, kuma ko a ranar zancen farashin taki suka yi.