Yajin da Baba Eriya Ya Jiyo

Ƙarfen narka dalma na hannun Baba Eriya lokacin da waya ta yi kuka a aljihunsa. Ya ajiye ƙarfen a kan bulo, ya rage muryar rediyon da yake gyarawa, wadda tun safe take nanata cewa direbobin tanka sun yi barazanar shiga yajin aiki. Surukinsa ne ya kira, mijin autarsa, wanda shi ma tankar mai yake ja.

Suka yi gaisuwa mai tsawo irin ta surukai. Sannan direban ya yi gyaran murya. Ana jin gurnanin mota a bayansa, maganar tana zuwa tana yankewa.

"Baba, dama maganar yajin nan ce."

"Ina jin ka."

"Wallahi na yi iya ƙoƙarina. Na ba da haƙuri, an ƙi saurara. An ce an gaji da alkawari, kullum hanya, kullum hanya. An ce yau ɗin nan ne da la'asar, har kaya an ɗaure. Shi ne na ce bari in sanar da kai, ko za ka..."

Layi ya katse.

Direban nan mutum ne mai kunya. Bai taɓa kama sunan matarsa a gaban ubanta ba, a cikin "an ce" da "an yi" yake ɓoye ta. Da tsohon ya sake kira ya tambaya, yajin wa, da kowa ya huta. Amma mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki.

A da, shagon Baba Eriya shi ne kunnen unguwa. Kome ya faru a duniya, a bakinsa ake fara ji. Da wayoyi suka cika hannun mutane sai rediyo ta zama kayan tsofaffi, shi ma ya bi ta. Yanzu in ya buɗe baki ya ce an ce, sai a yi dariya a ce, "Baba, ai wannan labarin ya tsufa a waya." Ba kuɗin gyara ne ya fi ci masa rai ba. Abin da yake nema kafin ƙasa ta rufe idonsa shi ne sau ɗaya ya faɗi magana a miƙe tsaye saboda ita.

Ya leƙa waje. Mai faci na maƙwabtaka yana tsoma tayar babur a cikin ruwa yana neman inda take yoyo, mai babur ɗin na tsaye a kansa. Tela na bakin ƙofarsa da zare a baki.

"Wanda yake da abin hawa ya nemi mai," in ji Baba Eriya, cikin muryar da ba ta gaggawa. "Da la'asar za a fara yaji."

Mai faci bai ɗago ba. "Baba, tun wancan mako ake cewa za a fara. Wace rediyon ce ta faɗa, mai rai ko wadda ka kashe?"

"Ba rediyo ba ce. Surukina ne ya kira ni yanzu. Wace mota yake ja?"

Tela ya cire zaren daga bakinsa. "Tanka."

"To. Har kaya sun ɗaure. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

Mai babur bai jira a gama facin ba. Ya koma gefe ya manna waya a kunne. Magana zarar bunu ce. Kafin Baba Eriya ya gama ɗaure bayan rediyon, titin ya canza. Babura na wucewa a guje, duk fuska ɗaya suka nufa. Wani mutum ya wuce yana tura mota, matarsa na riƙe da sitiyari tana yi masa faɗa. Tela ya rufe shago ya kinkimi tankin janaretonsa a kafaɗa kamar mai kai jariri asibiti.

Can sai ga mai faci ya shigo yana haki, ya miƙa masa waya. "Baba, dubi! Ga shi an rubuta. Wata majiya mai tushe ta kusa da direbobi ta tabbatar."

Baba Eriya ya sa aka karanta masa har sau biyu. Majiya mai tushe. Ya shafa gemu. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa kiransa da suna mai daɗin wannan ba. Shi da keke kaɗai ya mallaka, keken ma ba sarƙa, sai ya zaro wata tsohuwar jarka daga ƙarƙashin tebur ya bi ayari. Ai ba a ce wa mutane gobara ta tashi, kai kana zaune kana fifita.

A gidan mai, layi ya zama uku, ukun suka haɗe suka zama dunƙule. Manaja ya ga taron ya tsorata, ya sa aka ja ƙofar ƙarfe, ya ce ba za a ƙara sayarwa ba sai tankar da yake jira ta iso. Wannan ya ƙara tabbatar wa kowa. Mai wanki na unguwa na tsaye da bokiti.

"Kai kuma me za ka zuba wa?" wata malamar makaranta ta tambaye shi. "Dutsen gugarka na gawayi ne."

"Hajiya, na ga kowa na saye. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

"Ruwa aka ce, ba fetur ba."

Da aka hango Baba Eriya, aka buɗa masa hanya. Wani ya kawo benci, wani ya sayo masa ruwan sanyi. Masu manyan motoci suna sauke gilashi suna tambaya, "Baba, zai daɗe?" Shi kuwa sai ya kalli sama ya ce, "Irin wannan yajin, sai an zauna da manya." Bai san iyakar gaskiyar da ya faɗa ba.

Yana cikin wannan sarauta ya ga matarsa tana ratsa babura, mayafi a karkace, takalmi ɗaya a hannu. Ta tsaya a kansa.

"Malam, na je shago an ce kana nan. Me kake yi da jarka? Keken ne ya fara shan mai?"

"Ke, rage murya. Mutane na kallo."

"Yaron nan bai kira ka ba?"

"Ya kira. Ai ni na sanar da gari."

Ta dube shi, ta dubi taron, ta sake dubansa. Ta dafa ƙirji. "Me ya ce maka?"

"Ya ce yaji da la'asar. An gaji da alkawari. Har kaya an ɗaure."

"Malam, direbobin tanka ne ke ɗaure kaya? Akwatin aure gare su? Autarka ce! Ita ta ce in bai sauke man nan ya dawo gida kafin la'asar ba, ya neme ta a ɗakina. Yaro ya kira ka ka je ka ba ta baki, kai kuma ka zo ka tara masa duniya a hanya."

Baba Eriya ya ajiye jarkar a ƙasa. Daga can ƙarshen titi wani ƙaho mai kauri ya yi ta kuka. Tanka ce, doguwa, ta maƙale a bayan motoci. Gaba ba hanya, baya ba hanya. Direban ya sauko yana ratsowa da ƙafa, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya ga surukansa sai ya cire hula ya durƙusa a tsakiyar babura.

"Baba, har ka zo? Ka je can ɗin?"

"Tukuna."

"Ni ga shi tun ɗazu nake nan. In an ba ni hanya, sauke man nan ba wani abu ba ne. Shugabanninmu ma suna can suna zama kan yajin aiki, ba a yanke komai ba. Ban san wane mara aikin yi ne ya baza wannan ƙaryar ba. Wallahi Allah ya i..."

"Kul," in ji Baba Eriya da sauri. "Kada ka ƙarasa, ɗana. Ba ka san wa za ta kama ba."

Matarsa ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Tsohon ya dubi bencin da aka kawo masa don girma, ya dafa kafaɗar mai faci, ya hau kansa. Ya ɗaga hannu. Aka yi tsit, irin tsit ɗin da ya yi shekaru yana nema.

"Jama'a, ku ba motar nan hanya. Babu yajin aiki. Kuskuren ji ne. Maganar cikin gida ce."

Sai wani ɗan babur ya fashe da dariya. "Kun ji Baba! So yake mu watse ya cika jarkarsa."

"An ba shi wani abu ne," in ji mai wanki, yana ƙanƙame bokitinsa.

Wani mai gilashin ido ya ɗaga waya sama. "Dattijo, ka sauka kada ka faɗi. Majiya mai tushe ce ta tabbatar."

"Ni ne majiyar!"

"Kai, Baba?" Aka sake kwashewa da dariya. "Kai da labarinka ke zuwa bayan an yi sadakar uku?"

Baba Eriya ya sauko a hankali. Rana ta riga ta karkata, inuwar tankar ta miƙe a kan motoci. Ko an buɗe hanya yanzu, la'asar za ta riga direban isa gida. Ya juya wurin surukinsa.

"Koma motarka. Ka sauke man mutane a tsanake." Ya dubi matarsa. "Ke kuma koma gida ki kulle ƙofa. Ko wa ya buga, ba kya nan."

Da ya isa gidan surukinsa, ya samu autar tasa a tsakar ɗakinta, ta yafa mayafi, goyo a baya, babban akwati da ƙunshi biyu a bakin ƙofa. Ta ga ubanta a gidan da bai taɓa shiga ba sai da dalili, ta durƙusa a rikice.

"Baba, lafiya? Ai ni nake shirin zuwa."

"Zuwa ina?"

"Gida."

"Ba kowa a can." Ya tattara rigarsa ya zauna daram a kan akwatin, ya miƙe ƙafafu. "Uwarki ta ɓata min rai a gaban jama'a. Yaji na yo. Nan zan zauna sai an zo biko."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta nemi ta ɗaure fuska, fuskar ta ƙi. Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar. Ta dubi ƙofa, ta dubi tsohon da ke zaune a kan kayanta, ƙafafunsa duk ƙura. Ta sauke mayafin ta rataye a ƙusa, ta ɗebo masa ruwa a buta.

Sai da ta ajiye butar a gabansa ta yi tambaya, idonta a ƙasa.

"Baba, ka gan shi? Yaushe zai iso?"

Baba Eriya ya naɗe hannun riga, ya karkata butar.

"Tambayi waya," ya ce.