Sarauniyar Kuka

Karo na huɗu ke nan da Lojze ya tsaya gaisuwa tun fitowarsu daga masaukin masu hawan dutse, kuma 'yarsa Polona tana ƙirgawa. Wannan karon wani tsoho ne mai jar hula, wai sun yi aikin soja tare, ko kuma da wansa suka yi, su biyun babu wanda ya tabbata. Suka tokare hanyar da faɗinta bai kai na tabarma ba suna tambayar juna wanda ya mutu da wanda ya rage. Polona ta duba agogo, takwas saura kwata. Tun ana shan shayi matar da ke kula da masaukin ta faɗa da babbar murya cewa hadari zai taso daga yamma, duk mai son ransa ya bar kan dutsen Triglav kafin goma da rabi.

"Ata, lokaci fa yana tafiya," ta ce da mahaifinta, haka suke kiran uba a yarensu.

Ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwayo ba. Ya gaya wa mai jar hular cewa wannan ita ce babbar 'yarsa, yau za ta hau karo na farko, shekararta arba'in da huɗu. Tsohon ya dube ta daga sama har ƙasa kamar wadda aka ce ba ta taɓa yin wanka ba. Polona ta san abin da zai biyo baya, ya kuwa biyo. Lojze ya ba shi labarin kukan.

Babu wanda ya ci abinci a gidansu sau biyu bai ji labarin nan ba. A ƙasarsu ba a cika ƙirga mutum cikin mutane ba sai ya taka kan Triglav, kuma ranar da ya fara takawa zai duƙa a gindin 'yar hasumiyar ƙarfen da ke can sama, wanda ya riga shi hawa ya tsala masa igiya sau uku a mazaunai, a yi dariya, a sauko. A gidan Lojze akwai igiya ta musamman, tsohuwa, ta mahaifinsa, wadda ba ta da sauran wani aiki sai wannan. Da ita ya tsala wa matarsa marigayiya. Da ita ya tsala wa Jernej, ƙanen Polona, yana ɗan shekara tara. Matar Jernej ma, 'yar bakin teku da ko benen gida ba ta son hawa, ta sha nata. Har tsohon mijin Polona, wanda bai tsinana komai ba a shekara goma sha ɗaya na aurensu, ya sha, kuma yana da hoto.

Ita kuwa tana da shekara goma sha biyu suka tafi su biyu da mahaifinta. Suka dawo gida ba su kai ba. Da aka tambaya a wajen cin abinci, Lojze ya ce Polona ce ta sa kuka a Ƙaramin Triglav, tsaunin da ake fara hawa kafin babban, dole suka juyo. Tun ranar sunanta ya zama Sarauniyar Kuka. Ba ta taɓa musun ta yi kuka ba, wayar ƙarfen da aka kafa a jikin dutse don masu hawa su riƙa kamawa ce ta yanke ta a tafin hannu. Abin da take faɗa shi ne ba ita ta ce a juya ba, amma duk lokacin da ta faɗa sai dariyar ta ƙaru, har ta daina.

Bana ta yi niyyar kashe sunan. Wata shida tana hawa matakalar asibitin da take aiki, hawa tara, safe da yamma, da jaka cike da gorunan ruwa a bayanta. Ta shirya tafiya da abokan aikinta a ɓoye. Jernej ne ya tona, domin bakinsa ba ya riƙe komai sai abinci. Lojze ya bugo waya ya ce muddin yana numfashi babu baƙon da zai ɗora igiya a jikin 'yarsa. Ta tuna masa shekararsa saba'in da bakwai da ƙwayoyin hawan jinin da yake sha. Ya ce hawansa talatin da ɗaya, dutsen ya san shi. Ta yi faɗa, ta kashe wayar, washegari ta amince, domin can cikin ranta shi take so ya tsala mata. A gabansa take so a binne sunan.

Yanzu ga shi suna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Jernej, da suka taho tare, tuni ya gaji da jira ya wuce, ya ce zai je ya kama musu wuri a sama, sai ka ce silima. Polona tana bayan mahaifinta, tana cire ƙugiyar ɗamararta daga wannan waya tana maƙalawa a waccan, tana kallon dugadugan takalmansa. In ya daina gaisuwa sai ya tsaya nuna mata abubuwa. Ga inda ya taɓa ganin akuyar dutse. Ga turken ƙarfen da ya rantse shi ya riƙe wa masu kafawa guduma. Ga allon tunawa da wasu da tsawa ta kashe, ya karanta mata sunayen duka, da shekarun. Mutane suna ta wuce su, iyalai da 'yan makaranta, har da wata mata mai furfura da ta ce musu sannu cikin tausayi.

Sai daga baya ta lura tsayuwar ba ta labari ba ce. Duk inda ya tsaya, kafin ya fara magana sai ya dafa dutse ya ja numfashi uku ko huɗu. Ta tambaye shi ko ya sha maganinsa, ya ce ita ta kula da nata ƙafafun. Ta miƙa masa ruwa, ya ce ba raƙumi ba ne shi. Takaici ya cika ta, ta rasa ko da shi take fushi ko da kanta da ta yarda.

Tara da minti goma suka iso Ƙaramin Triglav. Daga nan sai siririyar hanya a kan doron dutse, rami dama rami hagu, kuma can gaba ga hasumiyar ƙarfen tana ƙyalli, mutane ƙanana kewaye da ita. Rabin awa ne ga mai lafiya. Polona ta ji ƙarfi a cinyoyinta, ko haki ba ta yi. Daga yamma kuwa gajimare ya fara taruwa, ƙasansa baƙi.

Lojze ya sami wani ɗan lungu a gefen hanya ya zauna. Ba irin zaman hutawa ba, ƙafafunsa ne suka ajiye shi. Ta durƙusa ta kama wuyan hannunsa. Bugun yana gudu yana tsallake, leɓɓansa sun sauya launi. Shekara ashirin tana aikin asibiti, ba ta buƙatar a fassara mata. Ta maƙala ƙugiyarsa a waya, ta kwance masa wuyan riga, ta tilasta masa ruwa da ɗan sukari. Ta kira Jernej sau uku, wayar tana shiga ba a ɗauka. Wasu samari biyu suka zo wucewa, ta roƙe su in sun ga wani mai koriyar riga yana ɗaukar kansa hoto su ce masa ya sauko, ubansa ba lafiya.

Iska tana kaɗa igiyar hular kwanonta.

"A nan ne fa," in ji Lojze.

"Na sani, Ata. Ba sai ka tuna min ba."

"Ba ke ba ce."

Ta dube shi. Shi kuwa yana kallon takalmansa. Ya ba ta labarin a gutsure, yana tsayawa neman numfashi. Daren da suka kwana a masaukin, shekara talatin da biyu da suka wuce, ya haɗu da abokai, suka buɗe barasar gida, shi da ya san da yarinya zai hau da safe. Da suka iso daidai nan sai ya leƙa ƙasa ya ga kwarin yana juyawa, ga ta ɗaure a ƙugunsa da igiya. Ya san in ya zame da ita zai tafi. Yana neman abin da zai ce sai waya ta yanke ta, ta sa kuka, ya gode wa Allah a ransa. Da suka koma gida mahaifiyarta ta tambaya, ya faɗi abin da ya fi sauƙi. Aka yi dariya. Dariyar ta yi masa daɗi, kuma da shekara ta zagayo maganar ta riga ta zauna.

"Kin ce min mu ci gaba," ya ce. "Kina kuka kina cewa mu ci gaba. Na ji ki sarai."

Polona ta ji wani zafi ya taso mata daga ciki har kunnuwa. Ta yi zaton in ranar nan ta zo za ta ji sanyi, sai ga shi babu abin da take ji sai son ta kama wani abu ta jefa cikin ramin.

"Ranar aurena ma sai da ka faɗa. Da makirufo, Ata. Dangin miji suna tafi."

"Na ce a raina in kin hau sai in gaya miki gaskiya a can sama. Ke kuma kika ƙi hawa."

"Na ƙi hawa?" Muryarta ta fita har wata mata da ke wucewa ta waiwayo. "Wa zai bi ku ya hau, kuna jiran ku ga inda zan fara hawaye?"

Can ya ce ta tafi, ga shi a maƙale, babu inda za shi, ta je ta dawo, wani ya tsala mata ko da igiyar aro ce. Ta miƙe tsaye. Ta dubi hasumiyar, ta dubi agogo, tara da minti ashirin da biyar. Za ta iya. In ta tafi yanzu za ta taɓa ƙarfen nan ta juyo kafin ruwa. Ta cire ƙugiyarta ta maƙala a wayar gaba, har ta yi taku biyu. Sai ta ji yana tari a bayanta, busasshen tari na wanda yake ƙoƙarin kada a ji. Ta tsaya tana riƙe da wayar, ta zagi dutsen, ta zagi Jernej da wayarsa, ta zagi wata shida na matakala. Sannan ta dawo ta zauna kusa da shi, ta sake kama wuyan hannunsa.

Haka suka zauna minti arba'in. Bugun ya ɗan daidaita, launin leɓɓansa ya fara dawowa. Gajimaren ya matso, ya fara lasar hasumiyar, ya haɗiye ta. Mutane suka fara saukowa da sauri.

Goma ta ɗan gota Jernej ya ɓullo, fuskarsa ja, yana cin burodi da cuku. Saƙon ya same shi, amma ya ɗauka dabarar Ata ce don a zo a ɗaukar masa jaka. Da ya gan su zaune sai ya fashe da dariya.

"Haba Sarauniya, ko wurin ma ba ki canja ba? Da kin matsa gaba kaɗan a ce an samu ci gaba."

"Rufe mana baki," in ji Lojze.

Ya maimaita labarin, wannan karon a taƙaice, da barasar da komai. Jernej ya daina tauna. Ya dubi yayarsa, ya dubi ubansa, ya ce ai dama wasa ne, kowa ya san wasa ne, amma muryarsa ba ta kai ƙarshen maganar ba. Can nesa aka yi tsawa ta farko.

Lojze ya jawo jakarsa ya zaro igiyar, a naɗe, ta yi toka-toka don tsufa. Ya miƙa wa Polona. Sannan ya dafa dutse ya miƙe da ƙyar, ya juya mata baya, ya duƙa, hannuwansa a kan gwiwa, yadda ya sa mutum goma sha ɗaya suka duƙa masa.

"Uku ne," ya ce. "Kada ki rage."

Jernej ya ce ai ba a yi wa mutum sau biyu, kuma ba a yi a nan, babu wanda ya kula shi. Polona ta auna igiyar a hannunta. Ta fi yadda take zato nauyi. Ta dubi bayan mahaifinta, da wandon da ya yi masa yawa. Ta so ta tsala, har ga Allah ta so.

Ta sauke jakarta ta tura igiyar can ƙasa, ta ja zif. Ta ce igiyar ta bar hannunsa daga yau, baɗi za ta dawo da abokan aikinta, kuma ita za ta zaɓi wanda zai riƙe. Ta umarci Jernej ya ɗauki jakar Ata ya wuce gaba, ya riƙa nuna masa inda zai sa ƙafa. Ita ta tsaya a baya, ta kama ɗamarar tsohon da hannu ɗaya. Ɗigon farko ya buga a kan hular kwanonta.

"Mu je, Ata, a hankali," ta ce. "In kuka ya zo maka ka yi abinka. Ni ba zan gaya wa kowa ba."