Ɗakin Sama na Gidan Perina

A watan Yuni na sauka wani ɗan gari a bakin teku, da rikoda a jaka da tambayoyi arba'in da malamina na jami'a ya sa wa hannu. An turo ni in binciki yadda mutanen bakin teku ke rayuwa a lokacin baƙi masu yawon buɗe ido. Ni kuwa ina ji da kaina, wai ga mai ilimi ta iso daga birnin Osijek.

Teta Perina, wato Inna Perina a harshenmu, ita ce ta ba ni hayar ɗakin sama, mai gadon katako da taga mai kallon teku. Ita da mijinta sun koma ɗakin ajiya na ƙasa, cikin tarun kifi da tulunan man zaitun. Haka kowa ke yi a layin: da zafi ya shigo sai a bar wa baƙi gida, a matse a ƙasa har Satumba. Na rubuta wannan har ina murna na samu babi guda na kundin bincikena.

Mijin, Barba Vicko, wato Kawu Vicko, tsohon masunci ne da ciwo ya cinye, yana kwance a wani ɗan gadon ƙarfe bayan ƙofa. Kullum da yamma nakan zauna kusa da shi in kunna rikoda.

"'Yar boko, yau tambaya ta nawa?"

"Ta ashirin da uku, Barba. Me ka fi kewa a lokacin baƙi?"

"Wurin ajiye mota."

"Ai ba ka da mota."

"To kin gani, ba abin da nake kewa."

Ana haka wayata ta yi ƙara, na fita amsawa, na bar rikodar a kunne. Sai washegari, ina zaune a kan gado ina kwafe hirar, na ji abin da ta ɗauka bayan fitata. Muryarsa ce, amma babu wasa a cikinta.

"Perina, a gadon nan na sama aka haife ni. Daga kansa nake so a ɗauke ni."

"Ka yi shiru, tsoho. Yarinyar na nan har ƙarshen Agusta."

"Likita ya ce ba zan ga tsinkar inabi ta Satumba ba. Kina wurin."

"Ina wurin. Amma a layin nan wa ka taɓa ji ya tashi baƙo? Da wane ido zan dubi mutane?"

Ya yi tari mai tsawo. Sannan ya ce, "To bar ta. Tana da kirki."

Na tashi tsaye kamar katifar ta ƙone ni. Abin yi a fili yake: in haɗa jakata in sauka. Amma in na yi magana za su san na ji abin da ba a faɗa mini ba, alhali na sa hannu a takarda cewa ba zan ɗauki muryar kowa ba sai da izininsa. Sai na zauna ina neman ƙaryar da za ta fitar da ni da mutunci. In ce zafi ya yi yawa? In ce matakala na wahalar da ni? Ni da nake shekara ashirin da uku! Na yanke cewa ranar Asabar zan ce malamina ya kira ni gida. Kwana uku kacal. Har yau in na tuna wannan lissafin sai in ji na tsani kaina.

A kwanakin ban fasa sauka da yamma ba. Muka yi tambaya ta ashirin da huɗu, muka yi ta ashirin da biyar. Ya tsokane ni, na yi dariya.

Ranar Juma'a da safe aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Teta Perina ce, cikin baƙaƙen kaya, ta rungumo farin zanen gado a ninke. A ƙasa ina jin muryoyin maza, ƙasa-ƙasa. Ba ta tsallako ba, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta.

"Vedrana, 'yata, ki yi haƙuri da damuwa. Vicko ya rasu ɗazu. Mutane za su zo ganinsa, ƙasan kuma ba wuri. Ko za ki ara mana ɗakin zuwa gobe? Zan canza miki zanen gado bayan an gama."